BABI NA BIYU: TARIHIN ZUZUTA LABARI DA ILIMIN TANTANCE SHI A ƘASAR ƘARAYE DA ROGO

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan yadda labari ke isa ga jama'ar Ƙaraye da Rogo, da yadda ɗabi'ar zuzuta labari ta samo asali. Haka kuma za a nuna cewa iya karatu kaɗai ba ya kare mutum daga labarin ƙanzon kurege, sai an haɗa da sanin hanyar tantancewa.

2.1 Ma'anar Zuzuta Labari

Zuzuta labari shi ne ƙara wa labari gishiri, ko zaɓo ɓangarensa mai tayar da hankali, domin a jawo mai saye ko mai sauraro. Wannan ɗabi'a ta yi suna a Amurka a shekarun 1890, lokacin da jaridun Joseph Pulitzer da William Hearst suke gasar ciniki a birnin New York. Shi kuwa ilimin tantance labari, shi ne mutum ya iya tambayar wanda ya faɗi magana, da inda ya samo ta, da kuma ribar da zai ci idan an yarda da ita. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin malaman Hadisi sun daɗe suna koyar da binciken isnadi kafin a karɓi ruwaya.

2.2 Zamanin Jarida

Ƙaraye da Rogo ƙananan hukumomi ne biyu da ke yammacin Jihar Kano, waɗanda dokar 2024 ta haɗa a ƙarƙashin Masarautar Ƙaraye. Akasarin mutanensu manoma ne. Kafin zuwan jarida, labarin hukuma yakan biyo ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa, sannan sanƙira ya yi shela. Sauran labarai kuwa fatake da 'yan cin rani ke kawo su, a baza su ranar kasuwa.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kashe jita-jitar da ta bazu gab da Yaƙin Duniya na Biyu, cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Amma ya kamata a lura cewa gwamnatin Turawa ce ta kafa ta, saboda haka ita ma tana da nata muradin. Daga baya, a shekarun 1950, shirin Yaƙi da Jahilci ya ƙara yawan masu karatu, Hukumar NORLA kuma ta riƙa buga jaridun larduna, ciki har da Sodangi ta Lardin Kano, wanda Ƙaraye ke ƙarƙashinsa. A lokacin, kwafi ɗaya yakan wadaci dandali guda: mutum ɗaya ya karanta, saura su saurara.

2.3 Zamanin Rediyo da Wayar Hannu

Rediyo ita ce ta fi jarida shiga karkara, domin ba ta bukatar iya karatu. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962. Bayan buɗe Freedom Radio a Kano a 2003, tashoshi masu zaman kansu suka yawaita. Wannan ya ba talaka damar faɗin kokensa, amma kuma ya haifar da sojojin baka, wato waɗanda ake saya wa fili su yabi wani ɗan siyasa ko su soki abokin hamayyarsa. Da wayar hannu ta zo da Facebook da WhatsApp, sai kowa ya zama mai yaɗa labari ba tare da edita ba.

2.4 Illar Rashin Tantancewa

A 2003 magana ta bazu cewa allurar rigakafin shan inna tana hana haihuwa. Gwamnatin Jihar Kano ta dakatar da rigakafin a duk faɗin jihar, har da Ƙaraye da Rogo, ba a ci gaba ba sai a Yulin 2004. A sakamakon haka cutar ta ƙaru, ta kuma tsallaka zuwa wasu ƙasashe. Abin lura shi ne, jita-jitar ta samu gindin zama ne saboda mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba. Ke nan ƙarya takan jingina da wata gaskiya kafin ta karɓu. Haka nan a Agustan 2014 saƙonnin waya suka sa mutane da dama a Nijeriya wanka da ruwan gishiri da shan sa domin tsoron Ebola, har wasu suka rasa rayukansu.

2.5 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa hanyar isar labari ta sauya daga sanƙira zuwa wayar hannu, amma har yanzu da kunne yawancin mutanen wannan yanki ke karɓar sa. Saboda haka koyar da tantance labari bai kamata ya tsaya a aji ba. Ya dace ya isa masallaci da majalisa da kasuwa. A babi na gaba za a duba shirye-shiryen siyasa da mutanen yankin suka fi saurare.