Me mazari ke faɗa game da lafiyar fadama?

A Disamban 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanar cewa kashi 16 cikin ɗari na ire-iren mazari da danginsa sama da 6,000 na fuskantar ƙarewa. Dalili kuwa shi ne fadamu da tafkuna suna ta bushewa. To, mene ne alaƙar wannan ƙwaro da fadama?

Mazari a ruwa yake soma rayuwa. Uwar na zuba ƙwai a kududdufi ko gefen gulbi, ɗan tsakon ya zauna a ƙarƙashin ruwa yana cin tsutsar sauro, sai daga baya ya hau kara, ya saɓe fata, ya tashi.

Gane shi ba wuya. Idan ya sauka fikafikansa huɗu a buɗe, manyan idanunsa sun kusa haɗewa, mazari ne. Siririn da ke naɗe fikafikai a bayansa ɗan'uwansa ne kawai. Wanda ke yawo garke-garke da damina, jikinsa rawaya-rawaya, masana na kiransa Pantala flavescens. Matafiyi ne, yana bin hadari har ya tsallake tekun Indiya, kuma ɗansa na girma cikin makonni kaɗan kafin kududdufi ya ƙafe.

Masu noman rani a gaɓar Gulbin Sakkwato, daga Gusau zuwa Bunguɗu, da masu lambu a fadamun Tsafe, raguwar mazari ta shafe su. Maganin feshi da ke gangarawa ruwa na kashe tsakon mazari, sauro kuma ya samu sakewa. Manomi, in za ka wanke tankin feshi, yi nesa da bakin ruwa.