Rabon Ruwa da Haƙƙin Talaka: Matsayin Al'ummomin Addini a Yankin Jajimaji, Nguru da Gashuwa

1.0 Gabatarwa

Jajimaji, hedkwatar ƙaramar hukumar Karasuwa ta Jihar Yobe, tana kan hanyar da ta haɗa Nguru da Gashuwa, a gefen arewa na fadamar Haɗeja-Nguru. Mangawa da Badawa da Hausawa da Fulanin wannan yanki sun dogara ne ga noma da kamun kifi da kiwo, sana'o'in da ambaliyar damina ke rayarwa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda sauyin da aka samu a tafiyar ruwan fadamar ya taɓa rabon da addini ya keɓe wa talaka, da kuma dalilin da ya sa batun ruwa ya zama fagen da mabiya addinai za su iya haɗuwa a kai domin neman adalci.

2.0 Yadda Ruwan Fadama Ya Sauya

Kogin Haɗeja da na Jama'are ne ke shayar da fadamar, sannan su haɗu kafin Gashuwa su zama Kogin Yobe. A da, ruwa kan malala da damina ya janye da rani, ya bar laka mai albarka ga manomi, da kifi a tafkuna ga masunci, da ɗanyar ciyawa ga makiyayi. Gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, tare da farin shekarun 1970 da 1980, sun karya wannan tsari. Filin da ambaliya ke mamayewa, wanda ya haura murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960, ya koma ƙasa da rabin haka a farkon shekarun 1990.

Bugu da ƙari, sakin ruwa daga madatsun da rani ya hana magudanan bushewa, sai ciyawar kacalla ta samu gindin zama. Ta toshe tsohuwar hanyar Kogin Haɗeja, akasarin ruwan ya karkata ta magudanar Marma zuwa tafkin Nguru. Sakamakon haka, wasu gonaki suka nutse, wasu kuma suka bushe. Kacalla ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero.

3.0 Tasirin Sauyin ga Zakka

A fiƙihun Malikiyya, wanda ake bi a yankin, zakka tana wajaba a kan hatsi idan ya kai mudun Annabi 1,200. Abin da ruwan sama ko ambaliya ya shayar ana fitar masa da ushira, wato ɗaya bisa goma, shi ya sa manomi ke ware dami ɗaya cikin goma. Abin da aka shayar da wahala, kamar da jigo ko injin ban-ruwa, rabin ushira ake fitarwa, wato ɗaya bisa ashirin. Kayan lambu kuwa, irin su albasa da tattasai da tumatir, ba a fitar musu da zakkar amfanin gona, sai dai ta kuɗinsu idan ya kai nisabi kuma ya shekara.

Idan aka duba waɗannan hukunce-hukunce za a ga abin da ƙarancin ambaliya ke haifarwa. Manomin da ya girbe buhu 40 na shinkafar ambaliya, buhu 4 zai fitar. Idan da inji ya shayar da ita, buhu 2 ne. Idan kuwa ya koma noman tattasai, babu abin da ya wajaba a kansa ranar girbi. Ke nan duk lokacin da ruwa ya kasa isa gona da kansa, ba mai gonar kaɗai ke asara ba, har da gwauruwa da maraya da almajirin da ke jiran rabonsu da kaka. Kiristoci masu jin Hausa su ma suna amfani da kalmar zakka wajen ɗaya bisa goma da suke kai wa majami'a, kuma abin da suke bayarwa yana bin abin da suka samu ne.

4.0 Hukuncin Rabon Ruwa

Shari'a ba ta tsaya ga rabon amfanin gona ba, ta yi magana a kan ruwan kansa. Malaman fiƙihu sun ɗauki ruwan kogi da makiyaya a matsayin abin tarayya. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa hukuncin da aka yanke game da rafukan Mahzur da Muzainib na Madina, inda aka ba na sama damar tare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya saki wa na ƙasa. Wato na sama yana da haƙƙin fara sha, amma ba shi da haƙƙin riƙewa. Wannan ita ce matsalar da ke tsakanin gonakin ban-ruwa na Kano da Jigawa da manoman Yobe. Bambancin ruwa da zakka shi ne, zakka tana da mutanen da aka ƙayyade mata, ruwa kuwa kowa yana da haƙƙi a cikinsa, ko wane addini yake bi.

5.0 Daga Gayya zuwa Murya Ɗaya

Al'ummomin bakin ruwa sun sha fita gayya da lauje da adda domin yanke kacalla da buɗe magudanai. Sai dai gayya ba ta wuce iyakar ƙauyuka ƙalilan, alhali kuwa ƙofofin madatsun suna can Jihar Kano. A 2006, a taron da aka yi a Damaturu, gwamnatin tarayya da jihohin Kano da Jigawa da Bauci da Filato da Yobe da Barno sun kafa asusun kula da wannan kwari, amma tsari ne na gwamnatoci, talaka ba ya jin muryarsa a ciki kai tsaye.

A nan ne al'ummomin addini suke da abin da wasu ba su da shi, domin rassansu sun ratsa iyakokin jihohi. Nguru tsohuwar cibiyar Tijjaniyya ce, inda Shehu Muhammadu Gibrima ya zauna har rasuwarsa a 1975, kuma zawiyoyinta suna da alaƙa da na Kano. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, tana da masallatai tun daga mafarin kogin har ƙarshensa. Zuwan jirgin ƙasa Nguru a 1930 ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, da yawansu Kiristoci. A matakin ƙasa kuma akwai Jama'atu Nasril Islam ta 1962, da ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta 1976, da majalisar NIREC da ta haɗa shugabannin addinan biyu a 1999.

An taɓa ganin irin wannan haɗin kai a kan batun tattalin arziki. A watan Janairun 2012, da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 140. A zanga-zangar da aka yi a Kano, Kiristoci sun kewaye Musulmi suna gadinsu a lokacin salla, wasu Musulmi kuma suka kai ziyara majami'un Sabon Gari. Ranar 16 ga watan gwamnati ta mayar da farashin naira 97. Wannan man fetur shi ne wanda manomin Jajimaji ke zuba wa injinsa, kuma janye tallafin a 2023 ya ƙara masa nauyi.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa rabon talaka a yankin Jajimaji yana rataye ne da rabon ruwa. Hukuncin na sama da na ƙasa yana cikin littattafan da ake karantawa a zaure, hanyoyin isar da saƙo kuma suna hannun masallatai da zawiyoyi da majami'u. Abin da ya rage shi ne shugabanninsu, na Kano da na Haɗeja da na Nguru da na Gashuwa, su zauna wuri ɗaya su nemi a riƙa sakin ruwan madatsu daidai da lokacin ambaliya, a kuma yashe magudanan da kacalla ta toshe. Hausawa dai sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.