Kafin ka sayi sabuwar amfilifaya, duba ɗakinka tukuna

Daga Gandi har Wurno da Goronyo, da wuya ka leƙa ɗakin samari ba ka tarar da amfilifaya da sifiku biyu ba. Wani kuɗin albasarsa ya tara ya je Sakkwato ya sayo, amma da ya kunna sai sautin ya fito siriri kamar na ƙaramar rediyo. Sai ya murɗa ƙarar har ƙarshe. Nan ne asarar take: idan amfilifaya ta kai iyakar ƙarfinta takan gurɓata sautin, wannan gurɓataccen sautin kuwa shi ke ƙona ƙaramar sifikar da ke fitar da siririyar murya.

Fara da waya. Bayan kowace sifika akwai ja da baƙi. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi, a duka biyun. In ka juya ɗaya, wannan sifikar na tura iska waccan na janyewa, sai bes ɗin ya cinye kansa. Gyaran minti biyu ne, kyauta.

Sai wurin ajiya. Raba sifikun kamar taku biyu zuwa uku, ka ɗaga su daidai kunnenka in kana zaune. Matsar da su kusa da bango, za ka ji ƙasan sautin ya ƙaru. In ka cusa su cikin lungu kuma sai ya koma gunji. Ɗakin siminti tsirara yana amsa kuwwa, amma darduma, labule da katifa suna shanye ta.

Ita ma waƙar duba ta. Wadda aka matse don ta yi sauƙin turawa, ko aka ɗauko daga lasifikar biki da waya, ta riga ta rasa nauyinta. Nemi MP3 mai lamba 320, ba 128 ba, ka ji yadda kotson Ɗanƙwairo ke zama daram.

Kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka. “2000W PMPO” talla ce kawai. RMS ne ƙarfin gaskiya. Haka kuma sifiku biyu masu om 8 a mafita ɗaya sun koma om 4, kuma ba kowace amfilifaya ke jure wannan ba. In wuta ta yi ƙasa ko batirin sola ya ja baya, rage ƙara.

Saura kunnenka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin raunin ji saboda ƙarar da ta wuce kima, kuma ma'aunin da ta bayar ga manya shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. In sai ka yi ihu abokin da ke gefenka zai ji ka, to ka wuce gona da iri. Sifika in ta ƙone akwai mai gyara a kasuwa, amma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.