Gargaɗi ga Masu Sauke Fayil ta Torent: Ku Binciki Manhajar da Kuka Saka

Duk wanda yake da manhajar torent a kwamfutarsa ko a wayarsa, ya dakata yau ɗin nan ya tambayi kansa abu biyu: wace manhaja ce, kuma daga ina ya ɗauko ta? In bai san amsa ba, ya cire ta kafin ya ƙara sauke ko da fayil guda. Wannan kira ya fi shafar masu shagunan tura fina-finai da waƙoƙi, da masu gyaran kwamfuta, da ɗaliban jami'a, domin su ne kwamfutarsu take kwana a kunne, kuma su ne jama'a suke miƙa wa memori da filas.

Mutane sun fi tsoron fayil ɗin da suke saukewa, sun manta da manhajar da take sauko musu da shi. Tun da Bram Cohen ya ƙirƙiro tsarin BitTorrent a 2001, aikinsa bai sauya ba: ana gutsuttsura fayil, kana karɓar guntaye daga kwamfutocin mutanen da ba ka sani ba, su ma suna karɓa daga taka. Kafin manhaja ta iya wannan aiki, sai ka ba ta izinin magana da dubban baƙi, da izinin rubutu a cikin rumbun kwamfutarka, sannan ka bar ta tana aiki awa da awanni ba ka kallonta. Tamkar ka ɗauki mai gadi ne ka damƙa masa makullin gida ka tafi barci. Ai kuwa ya kamata ka san ɗan gidan waye.

Mu fara da uTorrent, tunda ita ce kusan kowa ya sani. A watan Maris na 2015 masu amfani da ita suka wayi gari suka tarar da wata manhaja mai suna Epic Scale ta biyo sabuntawarta ta zauna musu a kwamfuta, tana amfani da ƙarfin injinsu wajen haƙar kuɗin kirifto, abin da matasa suke kira mainin. Kamfanin uTorrent ya ce tayi ne kawai ake yi lokacin sakawa, wanda ba ya so yana iya ƙi. Masu amfani da yawa suka ce su ba su ga wani tayi ba. Ko ma wane ne mai gaskiya, mun san yadda muke saka manhaja: danna, danna, danna, ba mai karanta abin da aka rubuta kusa da ƙaramin akwatin nan. A wurin da wuta ba ta tsayawa, wannan asara ce ta kuɗi tsaba. Batirin laftof ɗinka, da cajin inbata, da man janareta da ka saya da tsada, duk suna tafiya wajen tara wa wani dukiya. Sai kuma a 2018 Tavis Ormandy, mai binciken tsaro a Google, ya gano wata kafa a uTorrent wadda mugun shafin intanet zai iya bi ya ba manhajar umarni alhali kai karatu kawai kake yi a shafin. An toshe kafar daga baya, amma wanda bai sabunta ba ya ci gaba da zama da ita. Har yanzu kuma nau'in kyauta na wannan manhaja cike yake da talla.

Akwai masu cewa su tsohuwar uTorrent 2.2.1 suke riƙe da ita, wai ita ce mara talla, ana ta yawo da ita a filas daga shago zuwa shago. Manhajar da ta haura shekara goma ba a taɓa mata gyara ba, kuma ba ka san hannu nawa ta bi kafin ta iso gare ka ba, ba abin amincewa ba ce. Ku rabu da ita.

Shawarata ita ce a koma ga manhajojin da rubutunsu yake a buɗe, kowane masani yana iya dubawa, ba talla, ba abin da ake cusa maka a ɓoye. A kwamfuta akwai qBittorrent da Transmission da Deluge, a wayar Android kuma akwai LibreTorrent. Wanda ya saba da uTorrent zai fi jin daɗin qBittorrent, fuskarsu ta yi kama. Dukkansu kyauta ne, don haka duk shafin da ya ce zai ba ka fasasshen nau'insu na musamman, ko ya nemi lambar katinka, ɓarawo ne.

Amma kada wani ya ɗauka na ba shi lasisin yin sakaci. A watan Maris na 2016 masu kutse suka shiga shafin Transmission na ainihi, suka musanya fayil ɗin sakawa na kwamfutocin Mac da wani mai ɗauke da muguwar manhaja da aka kira KeRanger. Takan yi lamo kwana uku, sannan ta kulle fayilolin mutum ta nemi fansar Bitcoin guda, kimanin dala 400 a lokacin. Dubban mutane sun sauke ta kafin a farga, kuma ba wanda ya yi ganganci a cikinsu, shafin gaskiya suka je. A watan Agusta na shekarar aka sake yi wa shafin irin wannan ɓarna da wata mai suna Keydnap. Ita ma qBittorrent sai a ƙarshen 2024, a nau'i na 5.0.1, aka gyara mata wani aibi da ya daɗe tun 2010, inda ba ta tantance takardar shaidar shafukan da take hulɗa da su. To ka ga ke nan sabuntawa wajibi ce. Haka ma ajiye kwafin muhimman takardunka da hotunan iyalinka a wani rumbu dabam wanda ba ya kwana a jone da kwamfutar.

Wajen ɗauko manhajar, rubuta adireshin da hannunka: qbittorrent.org, ko transmissionbt.com, ko deluge-torrent.org. Kada ka danna sakamakon farko da ya fito a bincike ba tare da ka duba ba, sau da yawa talla ce, kuma 'yan damfara suna sayen wannan gurbi da shafuka masu kama da na gaske, harafi ɗaya kawai suka sauya.

Da ka saka, shiga saiti kafin komai. Torent ba saukewa kaɗai yake yi ba, yana ɗorawa, kuma bayan fayil ya kammala sai ya ci gaba da raba wa duniya da datarka. Rufe tagar ba ya kashe yawancin manhajojin torent, sukan koma su maƙale can ƙasa kusa da agogo suna ta aiki. Nan ne datar wata guda take ƙarewa cikin dare, gari ya waye mutum yana ta zagin kamfanin layi. Ƙayyade gudun ɗorawa, hana ta tashi da kanta in an kunna kwamfuta, a waya kuma ka sa ta yi aiki da Wi-Fi kaɗai. Akwai kuma saitin sarrafa ta daga nesa ta burauza. In ba ka buƙatarsa, bar shi a kashe. Tsofaffin nau'o'in qBittorrent sun zo da suna da kalmar sirri guda da kowa ya sani, kuma an yi amfani da wannan wajen dasa wa mutane manhajar mainin.

Manhaja mai kyau ba za ta tsare ka daga mugun fayil ba. Kafin ka amince a fara saukewa, tana nuna maka jerin abin da ke ciki, karanta shi. Fim ba ya ƙarewa da exe ko scr ko lnk. Windows tana ɓoye wutsiyar sunan fayil in ba ka ce ta nuna ba, don haka je ka kunna wannan yanzu. In fim ya ce sai ka saka wata manhaja kafin ya buɗe, goge shi. In fasasshen wasa ya ce ka kashe antibairos, to ka san abin da yake nufi da kai. A 2021 kamfanin Avast ya bayyana wata cuta mai suna Crackonosh da aka ɓoye cikin fasassun wasanni irin su GTA V, ta kama kwamfutoci sama da 200,000, tana kashe musu kariya tana haƙar kuɗin Monero. Mai shago, don Allah ka ji tsoron haƙƙin mutane: kwamfutar da kake sauke irin waɗannan abubuwa ita ce kake soka wa memorin kwastoma, kuma wataƙila a kanta kake shiga asusun bankinka. Ka raba su.

Sannan ku sani ba a ɓoye kuke ba. Duk wanda yake cikin rabon fayil guda da kai yana ganin lambar adireshinka ta intanet. 'Yan'uwanmu da suke karatu ko aiki a Jamus su kiyaye sosai, can lauyoyin masu fina-finai suna bin waɗannan lambobi su aiko wa mai layin gidan takardar neman ɗaruruwan yuro, ko da baƙonsa ne ya yi. A Najeriya ma akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022, kuma ba wanda bai san irin illar da satar fasaha ta yi wa masu shirya fina-finan Hausa ba. Torent kansa ba laifi ba ne. Da shi ake raba Ubuntu da Debian da LibreOffice da tarin littattafan Internet Archive, kuma in layi ya yanke yana ci gaba daga inda ya tsaya, abin da ya dace da irin intanet ɗinmu.

Wanda ya lura fankar kwamfutarsa tana ta kuka alhali ba ya komai, ko tana zafi, ko antibairos ta kashe kanta, ya cire ta daga intanet nan take. Ya daina soka mata filas ɗin kowa. Ya sauya kalmomin sirrinsa na banki da imel daga wata na'urar, sannan ya kai a goge ta a sake ɗora mata Windows daga tushe.