Hankaka Daga Ƙasar Hausa Zuwa Hasumiyar Landan

Kirarin hankaka a bakin Bahaushe shi ne "mai da ɗan wani naka." Tushensa wani daɗaɗɗen imani ne cewa hankaka ba ya ƙwai, sai dai ya sace 'ya'yan wasu tsuntsaye, ya rene su har su rikiɗe su zama irinsa. Hujjar masu wannan magana ita ce ba su taɓa ganin ƙwansa ba. Hujjar ba ta da ƙarfi, domin a ƙololuwar dogayen bishiyoyi yake sheƙa, inda ido ba ya kaiwa. Amma kirarin bai faɗi ƙasa banza ba. Akwai tsuntsun da Turawa ke kira kuku, wanda a Afirka yakan saka ƙwansa a sheƙar hankaka, shi kuwa ya ƙyanƙyashe, ya ciyar. Ashe magabata sun ga gaskiya: hankaka na renon ɗan wani, sai dai ba sata ya yi ba, kai masa aka yi.

Ɗan'uwansa na Ingila baƙi ne wuluk, ba farin ƙirji, kuma ya fi shi girma. A da ya cika Landan yana cin mushe, amma a ƙarni na 19 harbi da guba suka kore shi daga birnin da yawancin gabashin ƙasar. Waɗanda suka yi suna su ne na Hasumiyar Landan, inda ake ajiye aƙalla shida, saboda camfin cewa ranar da suka tashi, sarautar ƙasar za ta rushe. Ana jingina umarnin ajiye su ga Sarki Charles na II, ko da yake masana tarihi na ganin al'adar ba ta wuce zamanin Sarauniya Victoria ba. Wani dogari na musamman ne ke ba su ɗanyen nama, yana rage musu gashin fiffike. A 2006, da murar tsuntsaye ta yi barazana, sai aka killace su a ɗaki.

A 2019 aka ƙyanƙyashe 'ya'ya huɗu a Hasumiyar, karo na farko cikin shekara 30, daga ƙwan iyayensu. Na daji kuwa, dokar kare namun daji ta 1981 ta hana kashe su da fasa sheƙarsu, kuma tuni suka sake bazuwa zuwa gabashin Ingila.