Daura: su wa ke cikin garin, da me suke ci?

Yau Daura za mu leƙa.

Da an ce Daura, abin da ke zuwa ran mutum shi ne rijiyar Kusugu, Bayajidda da Daurama, sai hawan Sallar Gani, sai kuma marigayi Buhari da aka binne a gidansa a Yulin 2025. Duk gaskiya ne. Amma ni tambayata daban ce: mutanen da ke kwana su tashi a garin nan, da me suke ci?

Mu fara da yawansu. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Daura mutum sama da dubu 200, kuma tun daga nan ba a sake ƙirga kowa a Najeriya ba. Wato yaron da aka haifa bayan ƙidayar nan, yau ya isa jefa ƙuri'a, amma ba ya cikin lissafin. To da wane lissafi ake gina aji, da wane lissafi ake ɗaukar ma'aikata? Hausawa da Fulani ne mafi yawa, kuma gidaje da yawa suna da dangi a Nijar, don Kwangwalam ga ta nan kusa.

Sana'a kuwa, damina ce uwa: gero, dawa, wake, gyaɗa, da kiwo. Da an gama girbi, samari da yawa sun ɗau jaka sun tafi cirani, Kano ko Abuja ko Legas. Waɗanda suka zauna, acaba ne, tireda, ɗinki, cajin waya, sai harkar boda. Wannan ta ƙarshen ita ce ba a cika faɗa ba. Kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa da shanun Nijar take cika. Lokacin da aka rufe boda a Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar a 2023, direba, ɗan dako, dillali, mai abinci a bakin tasha, kowa ya ji a jikinsa. Abin mamaki, rufewar farko a mulkin ɗan garin aka yi ta.

Eh, an kawo manyan abubuwa. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, akwai Jami'ar Sufuri, akwai asibitin sojan sama, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa ta garin. Ban raina ba wallahi. Sai dai gini daban, aiki daban. Kujerar malami ko injiniya takarda take nema, wanda ba shi da ita kuwa gadi ko shara zai samu, in ma ya samu.

Shi ya sa nake ganin abin da matasan Daura ya kamata su matsa a kai yanzu shi ne gurbin karatu a makarantun nan, da koyon gyara da walda da lantarki kafin jirgin ya iso. In ba haka ba, daga wani garin za a kawo masu yi.

'Yan Daura da ke saurare, ku gaya mana: a unguwarku samari nawa suka tafi cirani bana? Sai mun haɗu a shiri na gaba.