Lasisin Wa'azi Da Sharaɗin Da Ake Ɓoyewa

A 1984, bayan tarzomar Maitatsine, gwamnatin soja ta Jihar Kaduna ta kafa dokar tsara wa'azi. A 2016 Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya kai wa majalisa ƙudurin sabunta ta: mai wa'azi ya nemi lasisi na shekara guda, kuma kada a yi wa'azi da lasifika bayan ƙarfe 8 na dare. A 2019 Babbar Kotun Jiha ta ce lasisin ya saɓa wa 'yancin addini.

Mu dai ba mu ƙi tantancewa ba, domin magabata ba sa barin mutum ya hau buzu sai da ijaza. Amma wanda ya yanka ƙarfe 8 bai san Ikara da Maƙarfi da Kudan ba, inda manomin rake da na tumatir ba sa samun zama gaban malami sai bayan Lisha.

Akwai kuma dokar da ba ta bi ta majalisa ba. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa daga garuruwan nan ya sayi gida cikin rukunin gidaje a Zariya ko Kaduna, sai ya tare sannan ya ji ƙungiyar masu gidaje ta hana lasifika ko karatun zaure. A fiƙihun Malikiyya wajibi ne mai sayarwa ya bayyana abin da mai saye zai ƙi in ya sani. In ya ɓoye aibi, mai saye yana da zaɓin mayarwa. Saboda haka, jama'a, a nemi takardar sharuɗɗan ƙungiyar, a karanta ta gaban shaidu tun kuɗi ba su bar hannu ba.